Lamba Sittin da Ɗaya

Shafi na 23

Da sunan Allah nake ɗora alƙalami. Masu turo mini "ina ci gaba?" tun ban idar da sallar asuba ba, ga shi nan, ku bar ni in sha furata. Wadda ta ce in kashe Tanko saboda surutu kuwa, ki yi haƙuri. Yau shi da kansa zai so ƙasa ta tsage ya shige.

*

Saura kwana biyu tafiya Agadas.

Alhamis ce da la'asar, ƙarshen Maris na 1985, zafin bazara ya fara nuna halinsa. 'Yan Zumuntar Masu Karatu ta Tawa, su goma sha biyu, sun hallara a ajin da ake ara musu idan yara sun tashi daga lakwal, wato makarantar boko. Wata uku suna shirin babban taron masu son littafi da za a yi a Agadas cikin hutu, yau ne zaman ƙarshe.

Tanko, malamin 'yan aji huɗu, shi ne sarkin tsare-tsare. Ya cika allo da alli har ba wurin sa yatsa. Asabar ƙarfe shida, tashi. A tsaya Tabalak a ci kifi. A tsaya Abalak a sayi cuku. Lahadi da safe a hau hasumiyar masallaci a ga gari daga sama, da yamma a leƙa maƙeran azurfa. Litinin baje littattafai da gasar karatu, Talata wasan kwaikwayo, wanda ba sai na gaya muku wa ya ba kansa babban matsayi a ciki ba.

Wani daga baya ya tambaye shi a wane ruwa kifin yake kwana bana, wace saniya kuma ta rage a Abalak da za ta ba da nonon cuku. Aka yi dariya. Tanko ya ce tsari tsari ne, shi bai rubuta don fari ba.

Kaltumi ce ta karɓe shi da lissafin kayan tafiya. Ungozoma ce a likita, wato asibiti, mace mai tsari har ya yi yawa, irin wadda ke ninke tsumma kafin ta yar. Ta ce kowa ya zo da tabarmarsa da jarkar ruwa, da garin rogo da ƙuli-ƙuli, ita za ta riƙe maganin zazzaɓi. Wanda ya manta katin shaidarsa a bar shi a bariyar soja ta farko, ba ruwan kowa. Akwatin littattafai kuwa, in ji ta, tun Talata ta kai shi ofishin sojan da ke tantance duk abin da za a kai taro. Yayanta Lajidan Sa'idu soja ne, yana aiki a can, ya yi alkawari gobe Juma'a za a buga hatimi a ɗaure akwatin da darma, yadda babu wanda zai sake buɗe shi a hanya.

Ta miƙa wa Sauda kwafen jerin littattafan ta ce a adana.

Sauda ce sakatariyar Zumunta, ita ta buga jerin da hannunta a kan keken rubutu, daga ɗaya zuwa sittin. Ta karɓa za ta cusa a jaka, sai idonta ya sauka a ƙasan takardar.

Akwai layi guda da ba ita ta buga ba. An ƙara shi da hannu, da shuɗin alƙalamin bik, rubutu mai kyau a miƙe.

61. Kaye, babu suna.

Ta sake karantawa, ta ɗora yatsa a kai kamar zai goge. Bai goge ba.

Bari in tsaya in tuna wa waɗanda suka shigo mana a tsakiya. Wanda ya kafa Zumunta tsohon malami ne mai ritaya, Mushe Yunusu (mushe ake ce wa malamin lakwal a can), kowa Baba Mushe yake ce masa don rabin garin ya bi ta ƙarƙashin bulalarsa. Littattafansu kaɗan ne, hannu da hannu suke yawo, shi ya sa ya kafa doka uku. Kowane littafi a yi masa riga da takardar buhun siminti a ba shi lamba. Ba a buɗe littafi sai layinka ya zo. Wanda ya kai ƙarshe kuma ya rubuta sunansa da kwanan wata a shafin baya, in ba haka ba ba shi da bakin magana a kansa. Dokar ta uku don Tanko aka yi ta, tun ranar da ya kwashe awa guda yana sharhin wani littafi da bangon baya kawai ya karanta.

Lamba sittin da ɗaya ba littafin ɗab'i ba ne. Kaye ne, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, Baba Mushe ya cika shi da hannunsa. Da damina ta ƙi, ya hau tsohon kekensa, inda keke ya kasa ya bi da ƙafa, ya zaga ƙauyukan Bambeye da Kalfu har Takanamat. Duk inda ya isa sai ya tambayi wa ya rasu, me ya ci na ƙarshe, hatsin taimako ya iso ko bai iso ba. Ya rubuta suna da suna. Wani dusa ya ci, wani ƙarangiya, da yawa anza, 'ya'yan itacen nan mai ɗaci da sai an jiƙa kwanaki ana sauya ruwa kafin ya daina cutarwa. A lokacin kuwa bakin masu mulki cewa yake yunwa ba ta kashe kowa ba. Mutum ya faɗi akasin haka a shagon mai shayi ma sai a neme shi a rasa, balle ya rubuta.

To me masu iliminmu suka yi da wannan kaye? Suka yi masa rigar siminti. Suka ba shi lamba. Kowa ya gama ya zaro bik ya rubuta cikakken sunansa a baya, har da kwanan wata. Sabo turken wawa. Duk sanda na zo nan wallahi sai in ji kamar in shiga labarin in ja kunnen wani.

Suna goma sha ɗaya ne a shafin. Na farko Baba Mushe, na biyu Sauda.

Sauda ta miƙe tsaye da takardar a hannunta.

"Kaltumi, wa yaƙ ƙara layin ga?"

"Ni ta." Kaltumi ba ta ko ɗago daga jakarta ba. "Ke kim mance shi. Na ishe shi cikin armuwar da muke aje littattahai, bayan na sittin, da rigatai da lambatai, nis sa shi cikin 'yan'uwanai."

"Shina cikin akwati?"

"Ina kike so shi kasance?"

Allin hannun Tanko ya faɗi ya karye biyu.

Takardar ta bi hannu hannu har ta isa ga Baba Mushe. Tsohon ya gyara tabarau ya duba, ya ninke ta huɗu, ya ajiye a kan gwiwarsa.

Tsoro ba ya barin mutum ya zaɓi magana. Sauda ta san Kaltumi shekara tara, Kaltumi ce ta karɓi haihuwar 'yarta ta fari, amma a wannan lokacin ba ta ga komai ba sai ƙanwar soja. Ta ce mata ashe abin da ake gudu ke nan. Ta ce shi ya sa kullum ita ke rige-rigen kai takardu ofis. Ta tambaye ta nawa aka ba ta. Ta faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita ba, don daga baya ta yi kukan su.

Kaltumi ta tsaya tana kallon ta kamar wadda ake wa yaren da ba ta ji.

"Sauda, mi kike hwaɗi? Wane irin littahi na wanga?"

"Ba ki buɗe ba?"

"Layina bai zaka ba. Ƙaƙa zan buɗe?"

Nan ne Sauda ta gane. Gaskiya ce. Duk Zumunta babu mai riƙe dokar Baba Mushe kamar Kaltumi, an taɓa barin littafi sati biyu a ɗakinta ba ta ɗaga bango ba saboda ba nata ba ne layin. Ta ga lamba, ta ga an tsallake, ta cike. Iyakarta ke nan.

Sai aka juya ana neman yadda kaye ya shiga armuwar, alhali ƙa'idarsa daga hannu sai hannu, daga na ƙarshe sai gidan Baba Mushe. Ba a yi nisa ba. Tanko ya zauna a bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, ya fara bayani da murya kamar ta mai mura. Shi ne na ƙarshe da ya karanta. Ran Lahadi ya ɗauko zai mayar, ya tarar da baƙi cike da zauren Baba Mushe, ya juyo. A hanya ya hangi sojoji biyu a bakin kasuwa suna duba jakunkuna, ya ratse lakwal ya cusa shi a armuwar. Ya ce a ransa ba inda littafi zai ɓuya kamar cikin littattafai. Niyyarsa ya ɗauke Litinin da sassafe. Litinin ɗin kuwa ya tafi neman wanda ya san tsawon hasumiyar Agadas, don ya sa a tsari.

Babu wanda ya zage shi. Abin ya wuce zagi.

Wani ya ce a je a karɓo akwatin a ce an manta wani abu. Wani ya ce yau kwana biyu, in za a buɗe an riga an buɗe. Wata ta fara lissafin wa za ta bar wa yaranta. Mai gadin ɗakin karatunsu, wanda ya fi kowa cika baki a zaman sharhi, ya lallaɓa kusa da taga yana auna ko zai iya fita ta nan.

Kaltumi dai tana tsaye inda take. Ta maimaita tambayarta, wannan karon ga ajin gaba ɗaya. Sauda ce ta gaya mata a taƙaice, idonta a ƙasa: sunayen waɗanda yunwa ta kashe ne, da ƙauyukan da hatsi bai isa ba, da sunayen masu karatu a baya, tun wata biyar da suka wuce.

Kaltumi ta fara bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi.

"Ku nawa kunka karanta?"

Ta juya ga Sauda.

"Sauda, ku nawa?"

"Sha ɗaya."

"Mu nawa na cikin Zumunta?"

Sha biyu ne, ita kaɗai aka tsallake.

Ban san yadda zan kwatanta muku fuskarta ba. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi sauƙi. Ta ce wata biyar ke nan kaye yana yawo, wato wata biyar tana zama da su tana zuba musu shayi, suna kallon ta suna haɗiye magana. Ta ce ita ce ke kwana a zangon 'yan gudun yunwa da ke bayan gari, ita ke karɓar jariran da uwayensu ba su da ɗigon nono, ita ta rufe idon wasu daga cikin waɗanda suke karantawa a takarda. Su sun karanta yunwa, ita ta wanke ta da hannunta. Amma ita ce ba a yarda da ita ba, don uwa ɗaya ta haife ta da mai kaki.

"Da kun hwaɗa min," in ji ta, "da na san lambar da ba a taɓawa. Ku kunka ɓoye, ku kunka kai kanku."

Gaskiya ta faɗa, kuma ta yi zafi. Sauda ta ji kunya ta rufe ta har ta rasa inda za ta sa ido.

Sai a lokacin Baba Mushe ya yi gyaran murya. Ya dogara da sandarsa ya miƙe a hankali.

"Ɗiyata, laihin nawa na. Ni nic ce kar a ba ki. Amma ba don Sa'idu na ba."

"Don wa na, Baba?"

"Akwai shahin da ban so ki gani ba."

Mutum goma suka sunkuyar da kai a tare. Kowannensu ya san shafin. Sauda ta tuna ranar da ta isa wurin, yadda ta rufe kaye ta kasa cin tuwo, yadda washegari ta haɗu da Kaltumi a bakin likita ta gaishe ta da fara'a kamar ba komai.

"Wane shahi?"

Tsohon ya buɗe baki, amma ƙarar mota ta riga shi. Ta tsaya daidai ƙofar lakwal. Aka ji an buɗe ƙofa ɗaya an rufe, sannan takun takalmin da duk ɗan Tawa ya san shi a waɗannan shekarun.

Mai auna taga ya dawo ya zauna.

Lajidan Sa'idu ya yi sallama daga bakin ƙofa. Dogo ne, baƙi, ba mai yawan magana ba. Ya cire hula ya gaida Baba Mushe, don shi ma ya ci bulalarsa a aji biyu. Bai kalli ƙanwarsa ba. A ƙarƙashin hammatarsa akwai kaye mai rigar siminti, lambar a fili, da rubutun Sauda.

Ya je teburin malami ya tsaya a gaban allon Tanko. Ya buɗe shafin baya ya fara kiran suna kamar mai kiran 'yan aji.

"Yunusu Alhusaini."

"Ga ni," in ji tsohon.

"Sauda Musa."

Ta so ta yi shiru, bakinta ya amsa da kansa.

Haka ya bi su har sha ɗaya. Kowa ya amsa, wasu da murya, wasu da ɗaga yatsa kamar yara. Tanko ne ƙarshe, sai da aka kira shi sau biyu.

Lajidan ya juya shafuka baya ba tare da ya nema ba, alamar hannunsa ya riga ya san wurin. Ya ce zai karanta wani abu, yana so wanda ya rubuta ya gaya masa ko an ƙara gishiri. Ya karanta a hankali, kalma kalma.

"Gidan Ciɗo, gabas da Takanamat. Rakiya 'yar Illa, shekara kamar sittin da biyar. Ɗiyarta tana aiko mata rabin buhun gero duk wata daga Tawa. Takan raba wa gidaje huɗu masu ƙananan yara, ta ce ita ta riga ta ci. Anza take ci, jiƙon kwana ɗaya, don ruwan rijiya ba ya isa a yi ta sauyawa. Ta rasu ranar Talata bayan azahar. Ta roƙi maƙwabta su ce wa 'ya'yanta zazzaɓi ne, kada su ji kunya a gari. Yaran gidajen huɗu duk suna da rai."

Kaltumi ta laluba bayanta ta sami benci ta zauna.

Rakiya 'yar Illa uwarsu ce. Ta ƙi barin ƙauye, ta ce ba za ta tafi ta bar kabarin mijinta ba. Duk wata Kaltumi tana ɗora gero a mota, duk wata direba yana dawo mata da saƙo iri ɗaya: Inna ta ce ta ƙoshi, har ƙiba ta yi. Ranar da aka aiko rasuwa Sa'idu yana can bariki mai nisa a gabas, Kaltumi ce ta rubuta masa da hannunta cewa zazzaɓi ne na kwana uku. Abin da aka gaya mata ke nan.

Ba ta yi kuka ba tukuna. Tafin hannunta kawai take kallo.

"Mushe," in ji Lajidan, "wa yah hwaɗa maka?"

"Matar da taw wanke ta. Da uwayen yaran, su huɗu, kowace daban."

"Ba ka ƙara komi ba?"

"Na rage ma, Sa'idu."

Sojan ya rufe ido na ɗan lokaci. Da ya buɗe, ya yi musu bayani da muryar mai ba da rahoto, wataƙila don ita kaɗai ta rage masa. Ya ce shi bai yi niyyar buɗe akwatin ba, hatimi kawai zai buga. Amma jerin sai ya hau teburin kaftin don sa hannu, kaftin kuma ya ga layi sittin na keken rubutu da layi ɗaya na shuɗin bik. Ya ce a kawo masa wannan ɗayan. Ya jujjuya, ba ya karanta Hausa sosai, amma ya ga sunaye a baya da kwanan wata. Ya miƙa wa Sa'idu ya ce ya karanta duka ya gaya masa abin da ke ciki.

Ya karanta. Yau da azahar kaftin ya kira shi.

"Da na iya ce mishi tatsuniya ta," in ji shi. "Da ya yarda. Na shiga da niyyar hakanan. Na buɗe baki in ce tatsuniya, sai nit tuna shahi na arba'in. Bakina ya ƙi."

Babu wanda ya ga laifinsa, ko da yake wannan ƙin na bakinsa shi ne ya rufe musu ƙofa.

Baba Mushe ya matso gaba. Ya ce rubutun nasa ne, tafiyar tasa ce, waɗannan yaransa ne da ya koya wa mugun hali na sa suna a bayan littafi. A tafi da shi shi kaɗai. Lajidan ya girgiza kai. Ya ce ya riga ya gwada wannan, ya ce wa kaftin tsoho ne mai ritaya da ya rasa abin yi. Umarnin da aka ba shi a fili yake: duk wanda sunansa ke shafin baya, a kawo shi kafin magariba. Mota tana waje da soja biyu.

Wata ta fashe da kuka a hankali. Sauda ta tuna 'yarta tana gidan maƙwabta, ta ce mata yanzu za ta dawo ta yi mata kitso saboda tafiya.

Lajidan ya sake buɗe shafin baya. Ya daɗe yana kallon sunayen.

"Mushe, mi as sunayen ga? Na waɗanda sunka yarda da abin da ke ciki na?"

"A'a. Na waɗanda sunka karanta hal ƙarshe na. Dokarmu ta."

"Ko wa na?"

"Ko wa na."

Ya miƙa hannu teburin Sauda ya ɗauki bik ɗinta. Ta zaci zai soke wani suna ne, har zuciyarta ta yi mugun fatan a ce nata ne, fatan da ta ji kunyarsa daga baya. Bai soke komai ba. Ya duƙa, ƙarƙashin sunan Tanko, ya rubuta a hankali da manyan baƙaƙe irin na wanda ya bar lakwal da wuri. Sa'idu Tanna. Ya ɗago ya tambayi yau nawa ga wata, Tanko ya gaya masa, ya rubuta.

"Kaftin ya ce duk wanda sunanai ke shahin ga," in ji shi. "To, mu sha biyu na."

Baba Mushe ya ce masa ya san abin da ya yi kuwa, su farar hula ne, shi kaki ne a jikinsa, hukuncinsa ba irin nasu ba ne. Sa'idu ya ce ya sani. Ya ce uwarsa ta ciyar da gida huɗu da cikinta, shi shekara sha biyar yana cin abincin bariki bai taɓa kwana da yunwa ba, suna ɗaya a takarda ba wani abu ba ne.

Sai a sannan ya juya ga ƙanwarsa. Muryarsa ta sauko.

"Kaltumi, ke babu sunanki. Tashi ki tahi gida. Ki bi ta baya."

Ku duba ikon Allah. Ɓoyon da ya ƙona mata rai ɗazu shi ne ya cire ta daga cikin wuta. A duk ajin ita kaɗai ce za ta iya ɗaukar jakarta ta fita, ta je ta yi sallar magariba a ɗakinta. Sauda ma ta ce mata ta tafi, ta roƙe ta ta leƙa mata 'yarta, ta kuma ce ta yafe mata, duk a numfashi ɗaya.

Kaltumi ta miƙe. Ba ƙofa ta nufa ba. Ta zo gaban tebur ta miƙa wa yayanta hannu.

"Yaya, ba ni bik."

"Ba ni ba ki."

Ta fizge shi daga yatsunsa, ta jawo kaye. Ta kai bakin bik kan takarda ke nan sai muryar Baba Mushe ta fito, ina jin ko shi bai san ta fito ba, shekara da shekaru ne suka yi magana.

"Doka, ɗiyata. Ba ki karanta ba."

Hannunta ya tsaya. Ta ɗago ta dube shi, hawayen da ta riƙe tun ɗazu suka zubo. Kowa ya ga dabarar da ta faɗo wa tsohon ba shiri: da dokarsa ya jefa mutum sha ɗaya, da ita kuma yake so ya tsamo ɗaya. Ya san Kaltumi. Ba za ta taɓa sa suna a littafin da ba ta kai ƙarshensa ba.

Ta ajiye bik.

"Shahi nawa na?"

"Casa'in da shida."

Ta dubi taga. Rana ta karkata, inuwar bishiyar bedin da ke farfajiya ta kusa taɓa katanga. Ta ɗauki kaye, ta koma bencin gaba, daidai ƙarƙashin inda Tanko ya rubuta Asabar ƙarfe shida, tashi. Ta share ido da gefen mayafi ta buɗe shafin farko.

"Kaltumi," in ji Sa'idu, "mota na jira."

"Ta jira. Wata biyat ina jiran layina."

Ta fara karantawa, yatsanta yana bin layi. Babu wanda ya motsa. Daga waje aka danna oda sau ɗaya, doguwa.

Ta lashi yatsa ta juya shafi na biyu.

Tana na uku aka ji wata mota daban ta shigo farfajiyar, ƙaramar mota, ta taka birki a bayan ta farko. Sa'idu bai leƙa ba. Ya san ƙarar injin. Ya ɗauki hularsa daga kan tebur ya sa, ya gyara ta, sannan ya je ya tsaya a tsakiyar ƙofar ajin ya cika ta da jikinsa.

"Kaftin na," ya ce, bai waiwayo ba. "Ki yi sauri."